Tawada a Yatsan Humaira

Rano, Oktoba 2003

Zuwa ga Yalwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, ke da maigidanki Shitu da jaririya Humaira. Mu nan sai godiyar Allah. An gama yankan gero, dawa ta yi kai. Innarki tana gaishe ki, ƙanwarki Murja ma haka.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga Rano zuwa Kibiya, tafiyar da mai keke yake yi ya dawo bai gaji ba. To, ke 'yar fari ce, kin kuma san yadda gidanmu yake. Tun kina ƙarama ban taɓa zama na yi hira da ke ba. In kin shigo gaishe ni kanki yana ƙasa, ni kuma ina ta murɗa rediyo kamar tashar ce ta ɓace. Haka na tarar iyayena suna yi da 'ya'yan farinsu, ban iya sakewa ba. Ina tsayawa gaban aji in yi ta zuba tarihi har yara su fara hamma, amma a gabanki ban wuce “lafiya lau” da “Allah Ya yi albarka.” A takarda dai bakina yana buɗewa. Zan riƙa bai wa Shitu a tasha in ya sauke fasinja.

Maganar ɗigon shan inna ce. Kin ji a rediyo gwamnatin jiha ta dakatar da shi, saboda wasu malamai da likitoci sun ce ba su yarda da abin da ke cikin kwalbar ba, har ana zancen maganin hana haihuwa. Ni ba likita ba ne, ban san abin da ke ciki ba. Malamin tarihi ne ni, abin da na sani shi ne halin masu kawo shi.

Bana shekara ɗari ke nan da Turawa suka taso daga Zariya suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, nan kusa da mu, suka wuce Kano. Kakana yana saurayi lokacin, ya ce mini da suka zo cewa suka yi taimako suka kawo, za su hana bauta. Ba su tafi ba sai da suka shekara kusan sittin suna karɓar haraji. Bana kuma ga shi kina ji da kunnenki, an shiga Bagadaza da tankoki, an ce wasu makamai ake nema, an kuma ce 'yanci aka kai musu. Garin da ya riƙe ilimin Musulmi ɗaruruwan shekaru, yau ana kwashe kayan tarihinsa a baro. Mutanen da ke jefa bam a kan yaran Iraƙi da safe, su ne da yamma suke bin gida gida a Kibiya saboda tausayin ƙafar Humaira? Zazzaɓin cizon sauro yana kwashe mana yara kowace damina, in ka je asibiti sai ka sayi magani. Wannan kuwa kyauta, har ɗaka, har da lallashi.

Duk wannan zan iya ajiye shi a aji. Abin da ba na iya ajiyewa shi ne Idi. A shekarar sanƙarau, 1996, ni na riƙe ƙanenki a cinya tun daga Rano har Kano, wuyansa a sandare, yana kiran Innarku. Na tarar da asibiti cike, yara har a ƙasa, Turawa suna ta kai da kawo. Aka karɓe shi aka ba shi magani. Ba wanda ya tambaye ni komai, ba wanda ya gaya mini komai, ni kuwa har godiya na yi musu da Turanci. Na dawo da shi a naɗe. Sai bayan shekaru na ji a rediyo cewa a lokacin nan wani kamfani na ƙasar waje ya gwada sabon maganinsa a jikin wasu yaran. Har yau ban sani ba ko Idi yana cikinsu. Mai yiwuwa ciwon ne kawai, kwana ya ƙare. Amma rashin sanin nan ya fi mutuwar ci mini rai.

Don haka ina umartarki, ko an janye dakatarwar nan gaba, kada ki bari kowa ya ɗiga wa yarinyar nan komai a baki. Sau ɗaya na miƙa ɗa da hannuna ban tambaya ba, ba zan ga an sake ba ina raye.

Ki gaida Shitu da tsohuwarsa. Allah Ya raya Humaira.

Wassalam,
Malam Abdurrahman

Kibiya, Nuwamba 2003

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata Baffa yana lafiya, da Inna da Murja da duk mutanen gida. An sha ruwa lafiya? Allah Ya karɓi ibadarmu.

Takarda ta iso. Na karanta ta a ɗaki na yi kuka, don ban taɓa jin Baffa ya ambaci Idi ba tun ranar da aka share makokinsa. Na ɗauka ni da Inna ne kawai muke tuna shi. Ni na tattara kayansa na wanke a lokacin, har da wandon makarantar da aka ɗinka masa bai sa ba.

Na ji umarnin Baffa, kuma na bi. Sai dai akwai abin da yake ɗan taɓa mini zuciya, in Baffa ya yarda in faɗa. A tasharmu akwai wani mai gyaran takalma, da hannu yake tafiya, ya sa silifa a tafukansa yana jan ƙafafu a baya. An ce da ƙafarsa aka haife shi. Tsohuwar Shitu ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, Inna ce, iska, take shanye ƙafar yaro, maganinta sai masu hayaƙi. Safiya kuma, wadda muka yi makaranta tare, yanzu tana cikin masu ɗigon, ta ce ƙwayar cuta ce da ke bin ruwa da bayan gida. Na kuma tuna tabon lamba da ke damtsen Baffa, wanda Innarmu ta ce na rigakafin agana ne, kuma yanzu ba a ganin agana. Amma Baffa ya fi ni sanin duniya nesa ba kusa ba. Abin da ya gani ban gani ba.

Humaira ta fara zama. In aka sa rediyo sai ta yi shiru ta ƙura masa ido, Shitu ya ce gado ne ba yadda za a yi.

A gaida Inna. Allah Ya ƙara girma da lafiya.

'Yarka,
Yalwa

Rano, Agusta 2004

Zuwa ga Yalwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya ruwa? Nan ya yi gyara, sai dai katangar bayan gida ta zube mana, ba wanda ya ji rauni.

Kin ji an janye dakatarwar. An ce an aika kwamiti ƙasashe sun gwada, an kuma samo wani maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Madalla. Kwalba ta sake ƙasa, amma wa ya leƙa cikinta a cikinmu? Bara aka rantse wa duniya cewa akwai makaman nan a Iraƙi, ga shi an tone ƙasar kaf ba a samu ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya ce a yi haƙuri. Sai hotunan abin da ake yi wa fursunoni, wanda ba zan iya rubuta miki ba. Mu ma nan da aka ƙaddamar da Shari'a mun cika fili muna kabbara, mun ɗauka daga ranar talaka ya huta. Har yau asibitin garin nan ba ruwa. Na daina karɓar magana don mai faɗinta ya yi rantsuwa, ko da rawani ya zo ko da kwat.

Batun tabon lamba da kika kawo bara, na ji, kuma ban ji haushi ba. Zamanin ne daban.

Na ji an tara dagatai da masu unguwa an ce su sa ido a kan gidajen da ke ƙi. Kada ki ja wa Shitu rigima da hukuma, shi mutumin tasha ne, abincinsa a hannun jama'a yake. Amma maganata tana nan inda take. Yadda za ki haɗa biyun, ku mata kun fi mu sanin hanya.

An ce mutuniyar ta fara tafiya. A kawo mana ita da Sallah mu gani.

Wassalam,
Malam Abdurrahman

Kibiya, Yuni 2006

Murja 'yar auta,

Salamu alaikum. Ya Zariya, ya karatu? An ce kin yi ƙiba, wai tuwon makarantar horon malamai ya karɓe ki. Ki dai rage, kada Inna ta kasa gane ki. Wannan takardar ta hannun wata ɗaliba 'yar garin nan na ba da, ba ta hannun Shitu ba, za ki ga dalili.

'Yarki ta ishe ni. Ba ta tafiya sai gudu. Ta kori awakin maƙwabta, ta hau turmi, jiya a saman buhunan da ke cikin motar ubanta aka tsinto ta tana kiran “Kano, Kano, saura mutum ɗaya!” Bakin nan kuwa na Baffa ne sak, komai sai ta tambayi dalilinsa.

To ga abin da ke cina, ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. Kin san umarnin Baffa a kan ɗigon nan. Da can abin da sauƙi, in na ji sallamar masu ɗigo sai in tura ta bayan rumbu in ce tana Rano. Yanzu wa zai ɓoye Humaira? Ranar ƙarshe da na gwada, daga ƙarƙashin gado ta ɗaga murya ta ce, “Umma, in fito? Sun tafi?” a gaban mutane. Kashegari mai unguwa ya kira Shitu, ya yi masa faɗa cikin jama'a, shi kuma ya yi alkawari an gama ƙi a gidansa. Ya dawo ya ce mini ya gaji, kowa yana bayarwa, a ba ta. Ga kuma sabon tsari, duk yaron da aka ɗiga wa sai a shafa masa tawada a farcen ƙaramin yatsa na hagu, wadda ba ta fita da wanki, masu dubawa suna bin layi suna kama hannun yara.

Sai na kama ƙafar Safiya. Ta ƙi, ta ƙi, na yi mata kuka da zancen Idi, don ta san shi. Yanzu in sun zo ita take shigowa ɗakina ta saki labule, ta ɗiga maganin a ƙasa, ta shafa wa Humaira tawadar, ta miƙa mata alewar da suke rabawa. Ta fita ta yi rubutunsu na alli a bango. Yarinya ta fita tana nuna wa kowa yatsa, ita a saninta tawadar ce maganin. Shitu ya gani ya ce madalla. Mai unguwa ya gani ya ce madalla. Kullum Safiya za ta fita sai ta ce, “Yalwa, ina jin tsoron Allah a kan yarinyar nan.” Ni ma ina ji, Murja. Amma in na tuna yadda Baffa ya rubuta cewa ya dawo da Idi a naɗe, sai in ga ba zan iya zama wadda za ta sake karya masa zuciya ba.

Na haɗa ki da Allah kada ki gaya wa kowa. In ya fita aikin Safiya ya tafi, aurena ma ban san inda zai tsaya ba. Har Baffa kada ki gaya wa. Kin san shi, in abin ya burge shi sai ya kai shi majalisa ya mai da shi darasi, kafin la'asar ya iso tashar Kibiya. Ki rubuto mini cewa kin rantse.

Ki yi karatu, ban da yawon kasuwar Sabon Gari.

Yayarki,
Yalwa

Rano, Fabrairu 2007

Zuwa ga Murja,

Assalamu alaikum, auta. Mun sauka lafiya, Allah Ya karɓa mana, Ya kai ku ku ma. Na ji jarrabawa ce ta hana ki zuwa taryata, na yafe, amma dabinonki yana hannun Innarki, ban ɗauki alhakin abin da zai same shi ba. Yanzu a majalisa Alhaji ake ce mini, in an kira sai in waiga in ga da wa ake.

Akwai abin da na kasa faɗa wa masu zuwa sannu da zuwa, ke zan gaya wa, tunda ke ba kya jin nauyin yi mini dariya. Muna sauka a Jidda, kafin a duba fasfo, aka ware mu 'yan Najeriya aka jera. Wani likita Balarabe yana bin layi da 'yar kwalba yana cewa a buɗe baki. Ɗigon shan inna, Murja! Tsofaffi da furfura, limamai, har da wani da na sani ya yi wa'azi a kan abin nan, kowa ya hangame baki kamar ɗan tsako. Da aka zo kaina na tattaro ɗan Larabcina na ce ni ba yaro ba ne. Ya ce ko in buɗe ko in koma jirgi. Na buɗe. Ɗaci gare shi kaɗan. Na tsaya ina tunani, ƙasar da muke fuskanta sau biyar a rana ce take tsoron abin da muka ɗauko mata.

Wannan bai karya ni ba, na ce ai su ma ana juya su. Abin da ya karya ni a Harami ya same ni. Na zauna hutawa bayan ɗawafi kusa da wani dattijo mutumin Yaman, yana tare da jikarsa a keken guragu, yarinya ba ta fi Humaira da yawa ba, ƙafafunta sun tsotse. Muka taɓa hira. Ya ce ciwon nan ya yi shekara da shekaru da barin ƙasarsu, har sun manta da shi, sai shekara biyu da suka wuce ya dawo ya kwantar da yara ɗaruruwa. Likitocinsu sun bi sawunsa, suka ce daga Najeriya ya taso, ya ratsa Sudan ya tsallaka teku. Ba da fushi ya faɗa ba, yana gyara wa yarinyar ɗankwali ne. Sannan ya tambaye ni daga ina nake. Ina kallon Ka'aba na ce masa, “Afirka.”

Na yi ta juya abin har muka dawo. Zancen Bebeji gaskiya ne. Bagadaza gaskiya ce. Abin da aka yi a asibiti a shekarar sanƙarau ma gaskiya ne, ba zan janye ko kalma ba. Amma duk cikinsu ba wanda ya gaya mini abin da ke cikin kwalbar nan. Na ɗauki fushina na shekaru na auna maganin da ban sani ba da shi, na kuma ɗora wa yayarki.

Na dawo da niyyar in rubuta mata. Sai ga su sun zo yi mini sannu da zuwa. Na kamo hannun Humaira zan sa mata zoben da na sayo mata a Madina, sai na ga tawada a ƙaramin yatsanta. Wato Yalwa ta saɓa mini, ta ba ta ɗigon, ta yi shiru. Tunda nake ban taɓa jin daɗin an ƙi maganata ba sai ran nan. Na ɗaga kai zan yi magana, na ga kanta a sunkuye kamar kullum. Na ce in na tayar da zancen zan kunyata ta, ta ga na gane ta ƙi bin umarnina, ni ma in kunyata kaina. Ita ta rufa mini asiri, bari ni ma in rufa mata. Na sa musu albarka suka tafi, yarinyar tana tsalle a soro.

Ki dage da karatu. Innarki tana gaishe ki.

Mahaifinki,
Alhaji Abdurrahman

Zariya, Maris 2007

Yaya Yalwa,

Salamu alaikum, ina fata kuna lafiya. Ba zan ja gaisuwa ba.

Baffa ya rubuto mini. Ya sauka daga maganarsa ta ɗigo. A Jidda an tilasta shi an ɗiga masa shi da kansa, a Harami kuma ya ga wata yarinya 'yar Yaman da ciwon ya nakasa, aka ce daga wajenmu ya je musu. Ya so ya gaya miki, sai ya ga tawadar nan a yatsan Humaira ya ɗauka kin riga kin ba ta. Murna yake yi, Yaya. Yana can yana sa miki albarka a kan abin da ba ki yi ba, ke kina nan kina yi masa biyayya a kan abin da ya bari.

Don Allah zagaye na gaba ki ce wa Safiya ta ɗiga mata a baki. Ba wanda zai sani, tawadar dai ita ce. Ko kuma ki sake ni daga rantsuwar da kika sa ni, in gaya masa gaskiya ya rubuto miki da kansa. Wannan kunyar taku ta ishe ni, mutum biyu kuna son juna kun kasa haɗa ido ku yi magana ɗaya.

Ki shafa mini kan 'yata. Ina jiran amsa.

Murja

Kibiya, Yuni 2007

Murja,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri da jinkiri. Hidimar zaɓe ta sa Shitu bai zauna ba, motarsa 'yan siyasa suka yi ta haya, gidan kullum cike da baƙi. Ga shi an gama, wanda ya ci ya ci, mu muna nan inda muke.

Na karanta takardarki ba sau ɗaya ba. Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma Baffan da na sani bai taɓa faɗin magana ya dawo ya lashe ta ba. A Jidda tilasta shi aka yi, ke ma kin faɗa. Wataƙila tausayin yarinyar can ne ya kama shi a wuri mai tsarki, ya rubuta miki cikin wannan halin. Ke kuma aikin gwamnati za ki shiga, ya san abin da ya dace ki ji. Ni abin da ya rubuta mini da hannunsa yana nan, sau biyu, na biyun ma cewa ya yi maganarsa tana inda take.

Kuma ba ki jin rediyo ne? Gwamnati da kanta ta kai kamfanin nan kotu a kan yaran shekarar sanƙarau. Kullum sai an yi zancen, ana hira da iyaye, wasu 'ya'yansu sun kurmance, wasu sun mutu. Ran nan wata uwa tana magana na saki muciya na zauna a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya kafin a ce an yi ba daidai ba. Wa ya san abin da za a faɗa a kan wannan ɗigon nan da shekara goma sha ɗaya? Ke kina 'yar ƙarama lokacin Idi, ba ki ga Inna tana bin bango ba.

In Baffa ya sake shawara, ya san hanyar Kibiya, takarda ɗaya ce. Ranar da na ga rubutunsa, ranar zan kai ta asibiti da ƙafata. Ni dai ba zan iya buɗe baki in tambaye shi ko ya yi kuskure ba, kin sani. Rantsuwarki kuma tana nan, ban sake ki ba. Shitu ne ke kai takardun Rano, in zancen ya tashi ta can, a kunnensa zai sauka.

Humaira lafiyarta ƙalau, kullum tana cikin ruwan sama da yaran layi, na gaji da duka na bari. An sa ta a allo, ta kai Tabbat.

Sai kin zo hutu.

Yalwa

Rano, Agusta 2007

Zuwa ga Yalwa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya.

Murja ta zo hutu, yau da safe ta gaya mini komai. Kada ki yi fushi da ita, ta ce za ta yi kaffarar rantsuwarta, ni kuma na ce alhakin a wuyana yake.

Ki saurara da kyau, ga rubutuna ga hannuna. Na janye maganata. Ban yi daidai ba da na hana. Abin da aka yi mana a baya an yi shi, amma ba ƙafar Humaira ce za ta rama mana ba. Kada ki jira zagayen masu ɗigo. Gobe ki ɗauke ta ki kai ta asibiti a ɗiga mata a baki kina kallo, duk lokacin da suka zo kuma a ƙara. Batun Shitu ki bar mini, ni zan same shi in gaya masa umarnina kika bi. Safiya ma ba abin da zai same ta in ina da rai.

Na riƙe hannun yarinyar nan a cikin nawa, ke kina zaune taku biyu daga inda nake, tambaya ɗaya ce ban yi ba. Ki yafe mini. Ba ki saɓa mini ko sau ɗaya ba, ni kuwa da na ɗauka kin saɓa har murna na yi.

Ki rubuto da zarar an ba ta.

Mahaifinki,
Abdurrahman

Kano, Agusta 2007

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaida Baffa da Inna.

Takarda ta same ni a asibiti a Kano, Shitu ya kawo ta. Makon jiya Humaira ta yi zazzaɓi, muka ɗauka na sauro ne, har ya sauka. Da safe ta sauko daga gado za ta fita sai ta faɗi. Ta tashi ta sake faɗuwa. Ƙafar hagu ce, ba ta ɗaukarta, ta dama ma da ƙyar.

Likita ya tambaya ko ana yi mata ɗigo. Shitu ya ce ba zagayen da ya wuce ta, ya ɗaga yatsanta ya nuna masa. Sai na faɗi gaskiya. Ba sai Baffa ya same shi ba, ya riga ya ji. Bai yi mini faɗa ba, ya dai juya mini baya har yau.

Sun ɗauki bayan gidanta za a aika gwaji, amma likitan ya ce kada mu sa rai da yawa. Ba abin da zan yafe, Baffa. Allah Ya riga Ya rubuta.

Tana cin abinci, tana surutunta. Ita a ganinta ƙafar barci take yi. Ta tambaye ni yaushe za ta farka, na ce ban sani ba. Ta tambayi ubanta, ya fita waje. Sai ta ce a tambayi Alhajin Rano, shi ya san komai. Na ce zan rubuta.

Ga shi na rubuta.

Yalwa